A Bar Manya Su Hau Mota Su Zo Jugu

Ƙungiyar Buffles du Borgou ta birnin Paraku ta san daɗin girma, ta kuma san ɗacin ƙanƙanta. A cikin Jamhuriyar Benin babba ce. Sau biyar tana lashe gasar lig ta ƙasa, a 1980 da 1992 da 2014 da 2017 da 2019, kofin ƙalubale kuma ta ɗaga shi a 1979 da 1982 da 2001. Ranar da za ta je wasa Nikki ko Kandi ko Jugu, tun da hantsi zancen gari ke nan. Amma da zarar ta tsallaka iyaka sai labari ya sha bamban. A 2015 Enyimba ta zura mata uku a Aba, ta kuma biyo ta Benin ta ƙara mata ɗaya. A ƙarshen 2020 ta riƙe MC Alger kunnen doki, ɗaya da ɗaya, da aka je Aljeriya sai aka yi mata ruwan ƙwallaye. Saboda haka idan ana zancen ƙaramin kulob a gaban babba, mutumin Paraku ba labari aka ba shi ba, ya zauna a kowane ɓangare na filin.

Abin da ke damuna shi ne gasar da ke haɗa irin waɗannan biyun, wato kofin ƙalubale, tana ta ramewa a hannun masu cewa gyaran ƙwallo suke yi. Ana rage ta a Turai da sunan gajiyar 'yan wasa, ana rage ta a Afirka da sunan inganci, a Benin kuwa wani lokacin mantawa da ita kawai ake yi.

Gasar lig lissafi ce. Wasa talatin da wani abu, gida da waje, wata da watanni. Wanda ya fi kuɗi ya fi 'yan wasan canji, ya fi likita, ya fi mota mai lafiya, kuma komai daren daɗewa tebur zai nuna hakan. Ba laifi ba ne, haka aka tsara ta. Coton FC ta lashe lig ɗin Benin sau uku a jere, daga 2022 zuwa 2024, kuma babu wanda ya yi mamaki. Kofi kuwa sili ɗaya ƙwale ne. Kamar kokawar gargajiya yake: komai yawan layun zakara da kirarin da makaɗa ke yi masa, in gwiwarsa ta taɓa ƙasa sau ɗaya, an gama, sai badi. Minti casa'in ba su isa su nuna wanda ya fi arziki ba. Sun dai isa mai tsaron gida ya tashi da sa'a, ko iskar hunturu ta karkatar da ƙwallo, ko babba ya raina fili ya ajiye gwanayensa a benci.

Da yake mutanen Benin Faransa suka fi kallo a Canal+, daga can za a fi gane misalin. Kofin Faransa tun 1917 ake buga shi, kuma kulob dubbai ne ke shiga, daga na ƙauye har Paris Saint-Germain. A 2000 Calais, wadda a lokacin take rukuni na huɗu, da 'yan wasan da ke da sana'o'insu na yini, ta kai wasan ƙarshe, Nantes ta doke ta biyu da ɗaya da fenareti a ƙurarren lokaci. Quevilly ta kai a 2012, Lyon ta ci ta ɗaya da nema. Les Herbiers ta kai a 2018, PSG ta ci ta biyu babu ko ɗaya, kyaftin ɗin PSG, Thiago Silva, ya kira na Les Herbiers suka ɗaga kofin tare. Duk ukun sun sha kashi. Na jero su ne da gangan, domin masu son wannan gasa suna yawan kare ta da hujjar da ba ta da ƙarfi, wai ƙarami na iya cin kofi. Yana iyawa, Wigan ta yi wa Manchester City haka a 2013 a Ingila, amma sau nawa a rayuwar mutum? In wannan ce kaɗai hujjar, mai lissafi zai kayar da ita cikin minti biyu.

Amfanin kofi yana cikin wata doka da ba a cika ambato ba. A Faransa, idan ƙuri'a ta haɗa ƙungiyoyi biyu da ke da tazarar rukuni biyu ko fiye, ƙaramar ce mai masauki. Dole babba ya tattara kayansa ya tafi. Akwai kuma al'adar da manya da yawa ke bi, ta bar wa mai masauki nasu kason na kuɗin ƙofa. Wannan ziyarar ita ce abin nema, ko an ci ko ba a ci ba.

A ɗauko wannan a kawo Jugu. Garin yana da Panthères da Dynamique, kuma daga Kwatano tafiyar ta haura kilomita 400. A ce ƙuri'a ta faɗa, Dragons de l'Ouémé ta Porto-Novo, mai kofin lig goma sha biyu, za ta zo ta kara da wata ƙungiyar unguwa da ta fito daga zagayen jihar Donga. Tun mako guda kafin ranar tela ya samu aikin riguna. Masu zem, wato 'yan acaɓa, sun san yinin nan ba zama. Mai tsire da mai sakwara da mai soya wagashi duk sun ƙara cefane. Rediyon gari zai yi ta da Dendi da Yom da Faransanci, a zango kuma a yi ta da Hausa. Sannan ga yaron da ke gyaran babur da safe yana atisaye da yamma, wanda ba shi da wakili, ba shi da kuɗin motar zuwa gwaji kudu. Ranar nan kaɗai ce kocin babbar ƙungiya zai zauna ya kalle shi minti casa'in ba don yana so ba. Ko da bakwai aka zura musu, gobe yaran unguwa za su fita fili suna kiran sunansa, ba sunan wani ɗan Madrid ba.

Jugu ma ba baƙuwar karɓar manyan baƙi ba ce. Tun zamanin da fatake ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro, nan ne ɗaya daga cikin manyan zangunan hanya, kuma arzikin garin ya ginu ne a kan saukar da baƙo da ciyar da shi. Ban ga dalilin da za a ce motar 'yan ƙwallo ta gagare shi ba.

To amma duniya wata hanya ta nufa. A Ingila, daga kakar 2024 zuwa 2025 aka soke maimaita wasa a kofin FA tun daga zagayen farko. Da can idan ƙarami ya riƙe babba canjaras a gidansa, sai a sake bugawa a filin babban, a raba kuɗin ƙofa, abin da kan riƙe ƙaramin kulob shekaru. A Janairun 2025 Tamworth, daga rukuni na biyar, ta hana Tottenham ci har minti casa'in suka cika. A tsohuwar doka da ta samu tafiya Landan ke nan. A sabuwa sai aka ƙara minti talatin, ƙafafu suka mutu, aka zura mata uku. Hujjar ita ce manya suna da wasanni da yawa a Turai. Su suka ƙara wa kansu wasannin, ƙanana suka biya.

A nahiyarmu abin ya fi daɗewa. Akwai lokacin da hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ke da gasa ta musamman ga waɗanda suka ci kofin ƙasashensu, kuma a cikinta ne Dragons ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 1987, kafin Gor Mahia ta Kenya ta tare ta. A 2004 aka narkar da gasar cikin Kofin Confederation. A 2023 kuma aka ƙirƙiro wata sabuwa ta ƙungiyoyi takwas, ba cancantar fili ta shigar da su kai tsaye ba, zaɓo su aka yi. Ga kuma sharuɗɗan filaye. Ba na faɗa da kujera mai kyau ko fitila mai haske, amma a dubi sakamakon. A Yunin 2024 Benin ta doke Najeriya biyu da ɗaya a neman gurbin Kofin Duniya, wasan da sunansa na gida ne, amma a Abijan aka buga shi. Steve Mounié, wanda ya ci ta biyun, haifaffen Paraku ne. Mutanen garinsu a gidan kallo suka gani, kamar yadda suke ganin wasan Ingila.

A cikin Benin kuwa, matsalar ba ta kai ga muhawara ba ma. Duk wanda ya duba jerin waɗanda suka ci kofin ƙasar zai ga gibi nan da can, shekarun da ba a buga ba sam. Rikicin shugabanci ya taɓa tsayar da ƙwallon ƙasar gaba ɗaya, kuma duk lokacin da kuɗi ko kwanaki suka yi ƙaranci, kofi ake fara yankewa. Alhali a 2019 da aka buga shi, ƙungiyar ESAE ce ta ci, ta wuce Afirka da shi, ta fitar da Génération Foot ta Senegal, ta zama ƙungiyar Benin ta farko da ta shiga matakin rukuni a gasar CAF. Ƙofar da ake rufewa in an ga dama ita ce ta kai ƙasar inda ba ta taɓa zuwa ba.

An kuma gwada raba lig shiyya-shiyya a 'yan shekarun nan, ƙungiyoyin arewa su fara karawa da junansu, waɗanda suka yi fice su haɗu da na kudu a zagaye na biyu. Ta fuskar kuɗin mai da masauki dabara ce mai kyau, kuma ta ba garuruwa kamar Bembereke da Banikoara wuri a babban rukuni. Sai dai ƙungiyar da ba ta tsallake ba tana iya gama kaka ba ta ga ko ƙurar motar manyan kudu ba. Irin wannan tsari ne ya fi kowanne buƙatar kofi a gefensa.

Na san abin da za a ce, kuma ba ƙarya ba ne. Za a ce filin ƙaramin gari ba shi da tsaro, alƙalin wasa na busa usur da ido ɗaya a kan ƙofar fita. Najeriya ta san wannan ciwon, shi ya sa zagayen ƙasa na kofinta, wanda aka faro tun 1945, a filayen 'yan ba-ruwanmu ake buga shi. Kuma gaskiya ƙanana suna tsira a haka: Bayelsa United ta ci kofin a 2021 tana rukuni na biyu, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta maimaita a 2024. Amma a tambayi wanda ya taɓa shiga irin waɗannan wasanni na zagayen farko. Ƙungiyoyi biyu baƙi, a garin da bai san kowaccensu ba, ranar Laraba da rana tsaka, kujeru wayam. An tsare alƙali, an kori jama'a. Maganin masu jifa shi ne a hukunta kulob ɗinsu, a hana shi karɓar baƙi kaka ɗaya ko biyu, a kawo jami'an tsaro isassu. Hana kowane gari saboda laifin wasu ragwanci ne aka sa wa rigar hikima.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi a wurina. Mai cewa duk wannan daɗin baki na ɗan kallo ne, shi ɗan wasan ƙaramin kulob da ke bin bashin albashin wata uku ba labari yake so ba, kuɗi yake so, kuma yini ɗaya na shagali ba ya gyara shekara ta yunwa. Haka ne. Har ma nakan ji haushin yadda 'yan jarida ke jin daɗin bayyana cewa mai tsaron gidan nan birkila ne, kamar talaucinsa ado ne ga labarin. Amma soke kofin ba ya ƙara masa ko dala. Abin da zai ƙara masa shi ne a rubuta cikin doka cewa kuɗin ƙofa na mai masauki ne, kuma kowane zagaye da aka tsallake akwai lada tsayayye da hukuma za ta biya kafin zagaye na gaba, ba alkawarin da za a yi ta bi har damina ta wuce ba.

Abin da ya rage ba shi da wuya. Gwamnati ta gina filaye 22 a ƙananan hukumomi, kuma Jugu da Nikki da Bembereke da Banikoara da Malanville duk sun samu, don haka uzurin rashin fili ya ragu ƙwarai. Hukumar ƙwallon ƙasar ta sa kofin a kalanda tun farkon kaka, da ranakun da lig ba zai taɓa ba. A fara daga ƙasa, jiha-jiha, ƙungiyoyin unguwannin Paraku irin su Zongo da Banikanni su fafata da na ƙauyukan Borgu, na Donga su yi nasu, manya su shigo daga baya. A yi ƙuri'a a bainar jama'a, a rediyo, ba tare da ware manya don kada su haɗu da wuri ba. Wasa ɗaya, in an tashi canjaras a tafi fenareti. Kuɗin motar baƙo kuma hukuma ta ɗauka daga abin da masu tallafi suka bayar, don kada wata babbar ƙungiya ta ce tsadar mai ce ta hana ta hawa arewa.

Buffles ma dokar za ta hau kanta. In ƙuri'a ta ce ta tafi Ndali ko Tchaourou ta kara da yaran da ba su da takalma iri ɗaya, sai ta tafi, ta buga a filin da ta samu, da ƙwallon da aka ba ta.