Mai Kisa Yana Gida Mai Lamba 21

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya zai gane wannan fim ko da ba ya jin Faransanci. Sunansa L'Assassin habite au 21, wato mai kisan yana zaune a gida mai lamba 21. Henri-Georges Clouzot ne ya shirya shi a 1942, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, kuma kamfanin Continental, na Jamusawa, shi ya zuba kuɗin.

Wani ne ya addabi birnin Faris da kisa, in ya kashe sai ya ajiye kati mai sunan Durand a kan gawar. Sufeto Wens, wanda Pierre Fresnay ya fito a matsayinsa, ya samu labarin cewa mutumin yana cikin 'yan hayar wani gida a unguwar Montmartre, sai ya yi shigar fasto ya kama ɗaki. Budurwarsa Mila Malou, wato Suzy Delair, mawaƙiya ce da kasuwa ta ƙi. An ce mata sai sunanta ya fito a jarida za a ɗauke ta aiki, ita kuwa ta ɗaura ɗamarar kama Durand da kanta, ba horo ba izini. Nan dariyar take: surutu, shisshigi, ga tsoro.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda fim ɗin ya nuna zargi. Kowa a gidan yana da ɗan halin da zai sa a ce ai shi ne. A kama wannan, washegari a sake tsintar gawa, a sake shi a kamo wani. Mu da muke zaman baƙunta mun san wannan sarai: in abu ya faru, ido kan wanda shigarsa ko harshensa ya bambanta yake fara sauka.

Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, za mu fasa ƙwai. Durand ɗin mutum uku ne, 'yan haya masu wanke junansu: in ɗaya yana hannu, wani ya fita ya yi kisa. Mila da ake wa kallon sakarya ita ma ta gano haka, ta iso da 'yan sanda ta ceci sufeton.

Amma muna da ƙorafi biyu. An sa Mila ihu da wauta har sun wuce gona da iri, sai nasararta ta zama kamar sa'a ce kawai. Na biyu, makasan sun fi waɗanda suka kashe ban sha'awa, ba wanda ya tsaya jimamin mamatan. Ran mutum ya fi ƙarfin haka, ko a wasa.

Duk da haka a nema a kalla, baƙi da fari ne amma bai tsufa ba. Masu shirya mana finafinan barkwanci su lura: ana iya ba mutane dariya da labari mai kai da gindi.