Jinjina ga Ɗaliban Ilmin Awo

A Gadarif, ƙasar dawa da riɗi, inda jikokin alhazan Hausa suka gaji mudu da sikeli, wajibi ne a jinjina wa ɗaliban hisabi waɗanda, bayan digirin farko, suka duƙufa ga ilmin awo, fannin da Lebesgue, mutumin Faransa, ya kafa harsashinsa a 1902. Su ne masu kwana bisa mas'ala guda, har su tabbatar cewa lambobin kaso, ko da yake ba su ƙarewa, awonsu a kan layi sifiri ne, hukuncin da hankali ke ƙi da fari, sa'an nan hujja ta tilasta masa sallamawa. Bisa wannan awo masanin hisabi Kolmogorov ya gina ilmin yiwuwa a 1933.