Buga da Ɗab'i da Wallafa

Mai karatu, dubi bangon littafin da ke hannunka, za ka ga an ce an buga shi a wuri kaza. Wa ya fara ba aikin nan wannan suna? Ko wane ne, ya san Hausa.

Bahaushe yana buga ganga, ya buga ƙwallo, ya buga waya, malamin duba kuwa ya buga ƙasa. A Kura ta ƙasar Kano mabuga suna ɗora baƙin rini bisa gungume, su yi ta dukansa da shuni har ya yi ƙyalli. To, haka injin dā yake yi: a jera baƙaƙen dalma, a shafa musu tawada, a danna su bisa takarda da ƙarfi. Da irin wannan bugu Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya cikin 1939. Injunan yanzu sun daina duka, sunan kuwa ya zauna.

Waɗansu malamai sun fi son ɗab'i. Larabci ne, daga gare shi muka sami maɗaba'a, ba laifi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne masu cewa kamfani ya wallafa littafi. Wallafa aikin mai tsara magana ne. Abubakar Imam shi ya wallafa Magana Jari Ce, ma'aikata suka buga. In an ba kamfani wallafa, me aka bar wa Imam, wanda ya kwana yana tunani?