Kamanci a Waƙar Gambarar Amurka: Nazarin Faifan The Unseen

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan takarda shi ne wata gardama da na tarar a wani ɗan ɗakin haɗa kiɗa a Unguwar Sanusi, Kaduna, inda wasu ɗalibaina kan taru da yamma suna gwada gambarar zamani, wato rap. Ɗaya daga cikinsu ya sa wani faifai, nan take wuri ya rabu biyu: wasu suka ce shirmen mashayi ne, wasu suka ce gwaninta ce wadda ba kowane kunne ke kamawa ba. Ni kuwa a ganina duk ba su taɓo inda gizo ke saƙa ba, alhali kuwa ma'aunin da ya dace da faifan yana nan cikin adabinmu na baka.

Faifan da Mai Shi

Sunan faifan The Unseen, kamfanin Stones Throw ya fitar da shi a shekarar 2000 da sunan wani mawaƙi wai shi Quasimoto. To amma babu wani mahaluki mai wannan suna. Mai aikin shi ne Otis Jackson ƙarami, wanda aka fi sani da Madlib, mutumin Oxnard a Jihar Kalifoniya. Da yake ba ya son kaurin muryarsa, sai ya riƙa rage gudun kaset, ya rera waƙa a hankali, sannan ya mayar da kaset gudunsa na asali, murya ta fito siririya kamar ta ɗan aljani. A waƙoƙi da dama za a ji muryoyin biyu suna musaya, Quasimoto yana taɓara, Madlib yana amsa masa da muryarsa ta gaskiya.

Kiɗan kuwa tsinto shi aka yi daga tsofaffin faya-fayai, musamman na jaz, aka yayyanka aka harhaɗa. Ba a goge ƙarar allurar garmaho ba, waƙa kuma takan yanke ba sallama, wata ta faɗo a kanta. A waƙar “Come On Feet” an haɗa muryar Melvin Van Peebles daga fim ɗinsa na 1971 da kiɗan da Alain Goraguer ya yi wa wani fim ɗin zane na Faransa a 1973, abin ya fito kamar mafarkin mai zazzaɓi. Madlib da kansa ya faɗi cewa yana cin wani naman kaza mai bugarwa lokacin aikin, don haka masu zancen maye ba ƙazafi suka yi ba. Sai dai maye ba ya zaɓo wa mutum daƙiƙa huɗu mafi daɗi daga cikin faifai dubu.

Kamanci

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ’yan kama a kasuwa ya san wannan dabara. Ɗan kama kan ari rawani da muryar malami, ya yi ta jan baƙi da fassara a kan tuwo da fura, jama’a na dariya, ba mai cewa ya yi saɓo, domin kowa ya san ba da bakinsa yake magana ba. C.G.B. Gidley ya yi bayanin wannan sana’a tun 1967. Quasimoto ma rigar aro ce. Shi ne ɓarawo, shi ne mashayi, shi ne mai neman faɗa, Madlib kuwa yana gefe kamar ɗan amshin da ba ruwansa. Haka nan waƙar “Jazz Cats Pt. 1”, wadda kusan duk jerin sunayen makaɗan jaz ce irin su Sun Ra da Herbie Hancock, ba baƙuwa ba ce ga kunnen da ya saba da yadda makaɗan fada ke jero kakannin ubangidansu. Ambato ne, kuma ta nan mai faifan ya nuna salsalarsa.

Inda nake da ja shi ne nan. Kamancin Bahaushe yana da wanda yake yi wa hannunka mai sanda, wato malamin da cikinsa ya fi iliminsa faɗi. A wasu waƙoƙin The Unseen kuwa, musamman inda ake wulaƙanta mata, rigar aron ba ta zambo kowa ba, ta dai ba mai ita damar faɗin batsa ya zame. Wannan ya fi kusa da ƙazamin ɓangaren ’yan gambara. Ga kuma tsawo: waƙa ashirin da huɗu, wasunsu guntaye ne da ba su nuna ba.

Da na tambayi ɗaliban nan inda suke samun kiɗansu, sai suka ce daga intanet suke saukowa da shi a haɗe. Babu ko ɗaya da ya taɓa yankar kuntigin Ɗanmaraya Jos ko kalangun Mamman Shata ya ɗora waƙa a kai, ko da yake dukkansu suna da waƙoƙin nan a wayoyinsu.