Warware Ruɗu Game da Nasara da Zahirin Littafinsu

Da sunan Allah nake farawa, gare shi nake dogara. Godiya ta tabbata ga wanda ya hori bayinsa da adalci, ko da a kan wanda suka saɓa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani cikin almajiraina ya kawo mini waraƙa huɗu da ya rubuta domin jayayya da maƙwabcinsa Kirista. Gindin zancensa shi ne, Nasara baki ɗaya sun gaskata kowane lafazi na littafinsu bisa zahirinsa, saboda haka duk inda zahiri ya saɓa wa hankali addininsu ya rushe. Na duba, na ga hannu kyakkyawa da niyya kyakkyawa, amma ginin da tubalin toka aka yi shi. Ga aibobinsa guda uku, na rubuta su domin shi da 'yan'uwansa ɗalibai.

Aibi na farko. Ka sani, ya kai ɗalibi, ya cakuɗa mas'ala uku ya mai da su ɗaya. Gaskata cewa littafi daga Allah yake mas'ala ce. Ɗaukar kowane lafazinsa bisa haƙiƙa ba majazi mas'ala ce dabam. Aiki da kowane hukuncinsa ita ce ta uku. Mafi yawan Nasara sun yarda da ta farko. Ta biyu kuwa babu mai riƙonta a kowane wuri, domin a Linjila akwai misalai masu yawa, akwai kuma horon a ƙwaƙule idon da ke jawo zunubi, ba su fahimce shi ba sai da ma'anar tsananta gudun saɓo. Ta uku ma haka, tun zamanin almajiran Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata gare shi, suka yi taro a Ƙudus suka sauke kaciya da mafi yawan hukunce-hukuncen Attaura daga kan wanda ba Bayahude ba. Amma Nasaran Habasha har yau suna kaciya, ba su cin alade.

Aibi na biyu. Ya ce Nasara, kamar mazhaba ɗaya ce. Alhali ko adadin littattafan ba su haɗu a kansa ba: Furotesta suna ƙidaya 66, Katolika 73, majami'ar Habasha 81. Saɓaninsu kan zahiri da tawili kuwa ya girmi Musuluncin kakanninmu. A Iskandariyya an yi malami Orijin, ya rasu wajen shekara ta 254 Miladiyya, ya ce nassi yana da jiki da rai da ruhi kamar mutum. Shi ne ya tambaya, ta yaya za a sami safiya da maraice a kwanaki uku na farkon halitta, alhali ba a ambaci halittar rana ba sai a kwana na huɗu? Malaman Antakiya suka soki tafarkinsa, suka ce ya wuce iyaka cikin tawili, suka riƙe lafazi da tarihi. Sa'an nan Agustin, limamin garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, wanda ya rasu 430, ya tafi a kan an halicci kome a lokaci guda, kwanaki shida kuwa jeri ne domin fahimtar mai karatu. Ya kuma tsawatar wa mutanensa kada su yi maganar taurari da ƙasa da jahilci suna jingina wa littafi, har mai ilmi ya yi musu dariya.

Abin da zai ƙara fito maka da wannan shi ne zancen gurasa. A 1529 shugabannin Furotesta biyu, Luta da Zuwingili, suka zauna a Marbug ta Jamus kan maganar da suke ruwaitowa cewa Annabi Isa ya kira gurasa jikinsa. Luta ya ce haƙiƙa ce, Zuwingili ya ce alama ce, suka tashi ba su daidaita ba. To duba wannan abin mamaki: da yawa cikin masu dagewa cewa kwanaki shida kwanaki ne irin namu, su ne masu cewa gurasa alama ce, Katolika kuwa sun riƙe gurasa bisa haƙiƙa, ba su wajabta zahiri a kan kwanaki ba. Kowa yana da inda ya tsaya ga lafazi da inda ya yi tawili.

Idan ka ce, ai na ji da kunnena wani mai wa'azinsu yana cewa duniya ba ta wuce shekara dubu shida ba, sai in ce, ka yi gaskiya, akwai su. Wani limami a Ailan, Usha, ya lissafa salsalar annabawa a 1650 ya sa farkon halitta shekara 4004 kafin Miladiyya. Da littafin Darwin ya fito a 1859, kuma malaman jami'o'in Jamus suka shiga binciken littafin kamar yadda ake binciken kowane tsohon rubutu, sai wata jama'a a Amurka ta tashi kariya, ta watsa maƙalu tsakanin 1910 da 1915 kan tushen addini. A 1925 aka ci wani malamin makaranta tarar dala 100 a jihar Tenesi domin koyar da ra'ayin Darwin. Amma ko magadan wannan tafarki, da suka taru a Shikago a 1978, abin da suka rubuta shi ne littafin ba ya kuskure, tare da yarda cewa waƙa a karanta ta waƙa, misali a karanta shi misali. Fafaroma Piyus na 12 kuma ya umarci malamansa a 1943 su lura da salon da kowane marubuci ya yi magana da shi. Ɗaukar ƙungiya guda a mai da ita dukan Nasara daidai yake da mutum ya karanta Ibn Hazmi, wanda ya rasu 456 Hijira, ya ce Musulmi duka Zahiriyya ne.

Aibi na uku, shi ya fi nauyi gare ni. Ya riya cewa duk wanda ya yi tawili ya guje wa littafinsa ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da kanmu muna karanta haƙiƙa da majazi a balaga, muna karanta muhkami da mutashabihi a tafsiri. Adiyyu ɗan Hatimu, Allah ya yarda da shi, wanda Kirista ne kafin ya musulunta, ya ajiye zare fari da baƙi ƙarƙashin matashinsa yana jiran ya rarrabe su domin kama baki, har Annabi ya sanar da shi hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Imamu Gazali ma ya ambata cewa ko Imamu Ahmad, duk da nisantarsa ga tawili, sai da ya yi shi a hadisai uku. Wanda ya haramta wa abokin jayayya ma'aunin da yake awo da shi, ya tauye mudu.

Fa'ida. Akwai abin da almajirin ya dace a kai, ba zan ɓoye ba. Manyan majami'unsu duka sun riƙe wasu abubuwa bisa haƙiƙa, kuma ba su karɓi tawilin da wasu malamansu na baya-bayan nan suka yi musu ba: haihuwar Annabi Isa ba uba, wannan mun haɗu da su a kanta, sa'an nan gicciyewa da tashi daga kabari da allantakarsa, waɗannan mun rabu da su rabuwa bayyananniya. A nan saɓani na gaskiya yake, kuma a nan ya kamata ya zuba tawadarsa.

Wasiyyata gare shi da ku, kafin ku buɗe baki ku tambayi mutum uku: wace majami'a yake bi, wane nassi ake zance, me malamansa suka ce a kansa. Littafin nan an fitar da shi cikakke da Hausa tun 1932, dubawa ba wuya. Ku faɗi maganarsa yadda shi zai ji ya ce haka nake nufi, sa'an nan ku kawo hujjarku da kyakkyawan lafazi. Wanda ya jingina wa mutum abin da bai faɗa ba, ya yi shaidar zur ko da a kan wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma ya zubar da mutuncin ilmi a gaban maƙwabci. Na mayar masa da waraƙunsa na ce ya wanke ya sake.

Allah ne mafi sani, gare shi makoma take.