4.3 Jigon Cin Amanar Aure a Finafinan Soyayya na Hausa

Kamar yadda aka yi bayani a babi na uku, harkar fim ɗin bidiyo ta Hausa ta kankama ne a Kano a shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Daga baya titin Gidan Zoo, wanda ya taso daga shataletalen Dangi a Gyadi-Gyadi cikin ƙaramar hukumar Tarauni, ya zama matattarar masu wannan sana'a. A wannan sashe za a duba yadda finafinan soyayya suka sarrafa jigon cin amana tsakanin ma'aurata, domin a ga a wuyan wa suke rataya laifi.

Manazarta irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun nuna tasirin finafinan Indiya a kan labaran soyayya na Hausa. Sai dai akwai inda aka raba hanya. A fim ɗin Silsila (1981) na Yash Chopra, magidanci ya koma ga tsohuwar masoyiyarsa alhali yana da mata, kuma da yake ba shi da ikon haɗa su a gida ɗaya, tilas ya zaɓi guda. Shi kuwa Bahaushe addini da al'ada sun ba shi damar ƙarin aure. Saboda haka abin da yake cin amana a fim ɗin Indiya, idan ya shigo fim ɗin Hausa sai ya rikiɗe ya zama rikicin kishi. Irin zaman da ake nunawa a wasu finafinan Turawa, inda miji da mata kan yarje wa juna neman wani a waje, ba shi da gurbi a nan ko kaɗan.

To, amma wannan ƙofa namiji kaɗai aka buɗe wa. A cikin Wasila (2000), inda Wasila Isma'il ta fito tare da Ali Nuhu, matar aure ce ta ci amanar mijinta, kuma da asirinta ya tonu sai hukunci ya hau kanta nan take. Idan aka kwatanta da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka buga a 1990, aka mayar da shi fim a 1998, za a ga bambanci. A wannan labari Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda Delu, bai kuma gamu da sakayya ba sai da gobara ta cinye dukiyarsa, Delu ta ci amanarsa. Duk da haka Rabi aka matsa wa ta koma ta rufa masa asiri.

A ra'ayin mai wannan nazari, a nan ne raunin jigon yake. Mace idan ta kauce, mutane ne ke hukunta ta. Namiji kuwa ƙaddara ake jira ta hukunta shi, sannan a nemi matarsa ta yi haƙuri. Alhali amanar aure ta haɗa da ciyarwa da tufatarwa da adalci tsakanin mata, waɗanda duk suna wuyan miji. Gudummawar Balaraba ita ce ta kira tauye waɗannan haƙƙoƙi da sunan alhaki, maimakon a ce halin maza ne.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta yi suna wajen sa ido a kan sutura da rawa da cuɗanyar maza da mata. Amma almakashin mai tacewa ba zai gyara karkatar jigo ba. Wannan aikin marubucin labari ne. Sashe na gaba zai duba yadda waƙoƙin finafinan ke ƙarfafa wannan karkata.