Jinjina ga Malaman Kafinta

Ina jinjina wa malaman sashen kafinta na kwalejojin fasaha. Ɗalibai na raguwa, samari sun karkata ga gyaran waya da tuƙa Adaidaita Sahu, amma malaman ba su ajiye zarto ba. Su ke nuna wa yaro yadda zai gane maɗaci da ido, ya haƙura katako ya bushe kafin ya sa masa hannu, ya sassaƙa rami ya zaunar da ƙafar kujera daram maimakon dogaro da ƙusa. Wani malamin daga aljihunsa yake sayen gam da sanfefa. Ya kamata hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, da ma'aikatun ilimi na jihohi su fito su gaya mana ɗalibai nawa suka rage, kuma ina kuɗin kayan aiki yake shiga.